Dundumin Malam Maccido

Malam Maccido bai taɓa ba kowa makullin motarsa ba sai shekarar da ya tafi aikin Hajji. Tsohuwar mota ce ruwan toka, ba ta da wani kyau, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Aikinta ɗaya ne a duniya. Duk ranar Alhamis ta kai shi Kebbe, garin da aka haife shi, ya karantar da manya littafi a zauren mahaifinsa daga La'asar zuwa Magariba, ya yi salla tare da su, sannan ta dawo da shi Tambuwal kafin a watse daga Isha'i. Shekara ashirin da shida yana wannan zirya. Sauran kwanakin mako kuwa tana kulle a gareji, wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe wanda ko taga ba shi da ita.

Da zai tafi sai aka ce masa mota in ta yi wata guda ba a tayar da ita ba, batirinta mutuwa yake. 'Ya'yansa maza duk aiki ya kai su nesa. Sai ya sa makullin a ambulan ya aika wa surukinsa Zubairu, da saƙon ya riƙa tayar da ita, in kuma wata lalura ta taso ya hau.

Zubairu shi ne mijin Hidaya, 'yar Malam ta fari. Lissafi yake koyarwa a sakandare, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da nawa. A gabana aka yi goyon ubansa, don haka matsayin jika na ɗauke shi. Shi ya ce mini amarya, ni in ce masa ango, mu yi ta yi har Hidaya ta gaji da dariya. Yaro ne mai kirki, wannan kam ba wanda zai musa. Matsalarsa ɗaya, hannunsa ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Babur ɗinsa ya sha ƙananan fitilu har ƙarƙashin kujera. Rediyona ya taɓa ɗauka zai gyara mini eriya, ya dawo da ita tana walƙiya kore da ja, amma tasha ɗaya take kamawa.

Makonni biyu ya riƙe amana yadda ya kamata. A na uku aka sa bikin wani abokinsu a Dogon Daji, za a yi jerin motoci. Amininsa Shafi'u ya kalli motar ya ce don Allah in sun je ya ajiye ta bayan gari, kada mutane su ɗauka liman ne ya iso su fara jera sahu. Abokai suka yi ta dariya. Zubairu ma ya yi, amma maganar ta zauna masa.

Ranar Talata da rana ina zaune ina tsince wake, sai na ji ƙaras-ƙaras ta bayan katanga, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na leƙa. Ga Zubairu a gindin darbejiya, ya wanke fitilun gaban motar da omo, ya manne tsofaffin takardun jarrabawa kewaye da su, ya jingine wayarsa a kan bulo wani Bature yana ta bayani a ciki. A hannunsa gwangwanin fenti ne na feshi.

Na ce, "Ango, mi kaka yi wa motar mutane?"

"Tozali nika sa mata, amarya. Ke kaɗai ce ba ki son kwalliya."

Ya bayyana mini cewa haka samari ke yi yanzu, a sa wa fitila duhu-duhu kamar hayaƙi, mota ta fito da fuska irin ta masu tsada. Ya ce abin kamar lalle ne, ana goga fetur zai fita, kafin Malam ya sauka ma an manta an yi. Baturen waya ya ce a fesa sau biyu. Zubairu ya fesa biyu, ya ja baya ya karkata kai, ya ga bai yi masa ba, ya ƙara har sau fuɗu. Sannan ya ɗauko wani gwangwanin na mai sheƙi ya bi kai, wai don kada ruwan sama ya wanke. Gaskiya da ya cire takardun motar ta yi kyau, kamar dattijo ya sa baƙin tabarau. A Dogon Daji har hoto aka yi ta ɗauka a jikinta. Biki na rana ne, sun dawo tun kafin La'asar sakaliya, ba wanda ya kunna fitila.

Lissafin Zubairu shi ne yana da sauran kwana goma kafin Malam ya dawo. Sai aka sa su Malam a jirgin farko. Da safe aka bugo waya cewa sun sauka Sakkwato, da Azahar yana gida. Zubairu ya goga fetur a gurguje, fenti ya ce bai san zancen ba. Haka ya mayar da motar gareji, ya tura hancinta jikin bango, ya ba da makulli a cikin ambulan ɗin da aka aiko masa.

Za ku ce ai da Malam ya duba gaban motar da ya gani. To Malam mutum ne wanda in ka tambaye shi launin rigar da ke jikinsa sai ya sunkuya ya duba. Ta baya yake shiga gareji, cikin duhu yake buɗe ƙofa ya zauna. In ya isa Kebbe kuma kafin ya sauko ɗalibai sun kewaye shi, wannan ya karɓi jaka, wancan ya karɓi sanda. Ɗaliban nan manoma ne da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata. Waɗanda suka lura da baƙin fitila a cikinsu sun ɗauka wani sabon abu ne Malam ya gano a Makka.

Alhamis ta farko bai iso gida ba sai da aka rufe masallaci. Ya ce wa Hajiya, matarsa, hanya ce ta yi duhu da yawa. Alhamis ta biyu saura kaɗan ya hau kan amalanken shanu, ya kauce, ƙafar mota ta faɗa gefen gona, sai da masu babura suka taru suka turo shi.

Da safen Juma'a Zubairu ya je gaisuwa kamar yadda ya saba. Kun san yadda suke. Tun daga bakin titi yake cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar zaure, ba ya shiga, ba ya ɗaga kai. Malam ma ba ya kallonsa, ba ya kuma kiran sunansa, Baban Ikram yake ce masa, da sunan 'yarsu. Shekara bakwai da auren nan, in aka haɗa duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba za ta cika shafi biyu ba. Ran nan bayan an gama gaisuwa, Malam ya ci gaba da kallon littafin da ke gabansa, ya yi gyaran murya.

"Baban Ikram, wagga mota, akwai abin da yas same ta bayana?"

Zubairu ya gaya mini daga baya cewa bai yanke shawarar yin ƙarya ba. Bakinsa ne kawai ya buɗe.

"Babu, Malam. Yadda kab bar ta take."

Malam ya rufe littafin a hankali ya ce, "To. Ashe ni ne."

Zubairu bai gane ba sai da yamma, da Hidaya ta dawo daga gidansu idanunta sun yi ja. Ta ce Baba dundumi ya kama shi, da rana yana gani, rana na faɗuwa sai hanya ta ɓace masa. Abin da ya sa gidan ya rikice kuwa, mahaifin Malam da haka ya fara. Dundumi aka ce da farko, shekara uku bayan nan sai da aka riƙa ja masa sanda zuwa masallaci, a haka ya rasu. Malam yana saurayi a lokacin, shi ne mai jan sandar.

Aka shiga magani. Hajiya ta sa mahauci ya riƙa ajiye mata hanta kullum, a gasa a ba Malam da safe, mutumin da ko warin hanta ba ya so. Aka ɗiga zamzam, aka sa tozali. Aka kai shi asibiti, mai duba ido ya haska ya ce akwai 'yar yana kaɗan, irin wadda ba a rasa ta a idon mai shekara sittin da bakwai, ya rubuta maganin ɗigawa. Malam bai ji kalmar kaɗan ba. Yana kawai ya ji.

Duk ranar da Zubairu ya tashi da niyyar yau zai faɗa, sai ya je ya durƙusa a ƙofar zaure ya ga babu ta inda maganar za ta shiga. Ba a fara wa suruki magana, amsawa ake yi. Tambayar da zai amsa kuma an riga an yi ta, ya riga ya amsa. Ya ce bari ya jira a sake tambaya. Ba a sake ba.

Maimakon haka, a mako na uku Malam ya aika a kira shi. Ya tura masa ambulan ta kan tabarma. Makulli ne a ciki, da takardun mota. Ya ce shi da tuƙi sun yi sallama, motar ta zama ta Baban Ikram halak malak, don ya ga yadda ya riƙe ta da amana. Alfarma ɗaya yake nema, ya riƙa kai shi Kebbe ranar Alhamis na ɗan lokaci, kafin ya ga yadda Allah zai yi da karatun. Da yake gidan Zubairu babu wurin ajiya, ta ci gaba da kwana a garejin Malam.

Gari ya ɗauka. Malaman makarantarsu suka ce sai ya yi musu walima. Shafi'u ya ce ai baƙin tabarau ne ya kawo sa'a. Zubairu ya riƙa amsa barka yana murmushin yaƙe.

Alhamis ta zo, ya kai Malam. Zuwa lafiya lau. Dawowa ce aiki. Suna fita Kebbe duhu ya fara sauka, ya kunna fitila, sai wani ja-ja ya zubo gaban mota bai fi taku biyar ba, kamar an riƙe aci-balbal. Ya manna ƙirjinsa da sitiyari, ya buɗe ido iyakar buɗewa. Ya samu wani mai babur ya bi jan wutar bayansa, da mai babur ya ratse zuwa ƙauyensu sai ya koma bin farin gefen hanya. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Malam yana gefe da carbi, yana kallon gilashi.

"Kana ganin hanya sarai, Baban Ikram?"

"Tar nika gani, Malam."

"Masha Allah. Ni ko hannuna ba ni gani. Allah shi bar maka idonka."

Ya ce amin. Ƙarya ta zama biyu, kuma ta biyun ta fi ta farko nauyi, don yanzu ko da ya gyara fitilar a ɓoye, Malam zai ga haske ya tuna wanda ya ce masa tar yake gani.

Duk da haka ya gwada. Ya riƙa fito da motar da rana ya kai ta bayan makaranta. Ya goga makilin, ya goga kalanzir, ya goga toka da lemun tsami. Wani ya ce masa tina, wadda masu fenti ke wanke buroshi da ita. Ya ɗiga a kusurwar fitilar hagu, fentin ya narke, robar da ke ƙarƙashi ita ma ta narke ta yi fari fat, kamar idon da yana ta rufe. Ya tsaya yana kallon wurin har aka kaɗa ƙararrawar shiga aji. Ya san reza za ta kankare, amma reza za ta bar zane wanda makaho ma zai shafa ya ji, shi kuwa so yake a cire ba tare da alama ba. Ya buga wa masu kayan mota a Sakkwato, suka ce irin wannan ta tsufa, sai an aiko daga Kudu, ya ba su mako uku. Ya ce a aiko.

Mako uku kuwa Malam bai jira su ba. Mutum in ya sa wa ransa yana makancewa, to ya fara. Ya daina fita Isha'i sai da tocila, hannu ɗaya a jikin bango. Hajiya ta kama shi yana ƙirga taku daga ɗakinsa zuwa masallaci, yana maimaitawa, wai don ya haddace tun da sauran gani. Ya fitar da littattafansa masu ƙananan rubutu ya fara rabawa. Wata rana ya sa aka zaunar da jikokinsa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa kallon fuskokinsu.

Ranar da Hidaya ta ba da labarin jikokin nan tana kuka, ran nan Zubairu ya gaya mata. Ta bayan katanga ban ji faɗa ba. Shiru na ji, irin shirun da ya fi faɗa. Kwana biyu tana ajiye masa abinci ta juya. Amma ita ma ina za ta kai maganar? 'Yar fari ce. Ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, in ta shiga gaishe shi bango yake kallo ya amsa. In kuma ta gaya wa Hajiya, ta kai ƙarar mijinta gidansu ke nan, kuma irin wannan magana in ta shiga gida ba ta fita, har jikoki sai sun ji cewa ubansu ne ya makantar da Malam da gwangwani. Ta ce masa ita ba za ta faɗa ba, amma kada ya ƙara ce mata ta kwantar da hankalinta.

Sai ga saƙo ranar Litinin. Malam ya ce Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe, zai yi bankwana da ɗaliban Kebbe. Ya nemi wanda zai karɓi karatun bai samu ba, kuma ba zai ci gaba da ɗora wa ɗan mutane wahalar hanya ba. Zauren da mahaifinsa ya buɗe, shi kuma ya riƙe shekara ashirin da shida, za a rufe shi. An ce har wani tsoho daga Fakku, wanda ke zuwa a bayan babur ɗin ɗansa tun farkon karatun, ya aiko yana tambaya ko za a bari su ƙarasa babin da suke ciki.

Laraba da La'asar Zubairu ya shigo gidana, ya zauna a kan turmi. Bai ce amarya ba. Na gane da magana. Ya zayyana mini komai, ni kuwa sai a lokacin na haɗa ƙaras-ƙaras ɗin gwangwani da hantar da Hajiya ke gasawa. Na ce lallai tozalinka ya yi kyau, ango, mota ta sa, suruki ya makance. Bai yi dariya ba. Ya ce ni tsohuwa ce, Malam yana jin nauyina, in taimaka in je in faɗa masa, ko da a kaikaice.

Na yi tunani, don na so in je. Amma na ce masa in na je, Malam zai warke, shi kuwa Zubairu ba zai ƙara iya durƙusawa a ƙofar zauren nan ba har abada, don za a ce tambayarsa aka yi ya ɓoye, sai da tsohuwar maƙwabciya ta tona.

Ya ce, "To in ce mi? Ta ina zan fara? Ko kallonai ban taɓa yi ba."

Na ce, "Da baki kaf fesa fentin?"

Ya kalle ni. Na ci gaba da tsince wakena. Da zai fita ya tambaye ni ko ina da sabuwar reza, na ce ya duba cikin gwangwanin allura.

Abin da ya faru ranar Alhamis daga bakinsa na ji. Bayan Azahar ya je ɗaukar Malam. Malam ya fito da farar babbar riga wadda yake sawa ranar Idi, da jakar littafi, da wata leda cike da dabinon Madina da zai raba na bankwana. Ya lallaba ya shiga gareji ya zauna a gaba. Zubairu ya rufe masa ƙofar mota. Maimakon ya zagaya ya shiga, sai ya koma ya jawo ƙofar garejin ya rufe ta daga ciki. Wuri ya yi baƙi ƙirin, da rana tsaka.

Zubairu ya lalubo ya tayar da mota, ya ja ta baya kaɗan, ya kashe inji, ya kunna fitila. Jan hasken nan mara ƙarfi ya zauna a jikin bango. Ya fito ya zo gaban motar ya durƙusa, irin durƙuson da yake yi a ƙofar zaure, sai dai yau suna fuskantar juna, gilashi ne kawai a tsakani. Ya ciro reza. Garin cirowa ya yanki yatsa. Ya ɗora ta a kan fitilar dama ya ja da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa.

Wani farin layi ya faɗa jikin bango, siriri, mai haske har ana ganin tsagar siminti da gizo-gizon da ke cikinta. Ya sake ja. Layin ya yi faɗi. Ya ja na uku, baƙin fenti yana nannaɗewa yana zubowa a kan gwiwarsa.

Ya ji an buɗe ƙofar mota. Malam ya fito, ya zo ya tsaya a bakin bango. Ya sa tafin hannunsa a cikin jan hasken ya duba, ya matsar da shi cikin farin ya duba, ya sake mayarwa. Sau uku yana yi. Sannan ya sunkuya ya tsinci ɓawon fentin daga ƙasa ya murza shi a yatsunsa.

"Ni na fesa, Malam," in ji Zubairu, kansa a ƙasa. "Don kwalliya. Kana Makka."

Malam ya daɗe yana murza abin nan.

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Sau biyu."

"Sau biyu, Malam."

Zubairu ya ce da Malam ya ɗaga hannu ya mare shi da ya fi masa sauƙi. Amma sai ya ji wani sauti, ya saci kallo, ya ga dattijo ya jingina goshinsa da bango kafaɗunsa suna motsi. Har yau bai san ko kuka ne ko dariya ba, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Can Malam ya share fuska da hannun riga, ya yi hamdala a hankali, ya ce, "Kwana ashirin da ukku ina cin hanta." Sannan ya ce ya kankare sauran, lokaci yana tafiya.

Ya kankare duka biyun, Malam yana tsaye a kansa. Fitilun suka fito duk zane, kamar kaza ta yi tono a kansu, ga farin tabon tina a kusurwa. Amma haske ya cika garejin. Da aka buɗe ƙofa Malam ya miƙa hannu ba tare da ya dube shi ba, Zubairu ya sa masa makulli. Ya shiga mazaunin direba, ya gyara madubi, ya fita da baya, ya bar surukinsa tsaye da reza a hannu da jini a yatsa.

Ba a yi bankwana a Kebbe ba. An raba dabino, an ƙarasa babin, an shiga na gaba. Malam ya iso gida ana kiran Isha'i, ya tafi masallaci ba tocila. Da Hajiya ta tambaye shi, ya ce Allah ya kawo sauƙi, a daina sayen hanta. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, gare ta ko ga wani. Hajiya har gobe tana gaya wa mata cewa hantar rago ce da zamzam, kuma na san gida uku da suka gwada.

Washegari Zubairu ya je gaisuwa da ambulan, takardun mota a ciki, ya tura ta kan tabarma. Malam ya turo masa ita da bakin sandarsa. Ya ce shi bai taɓa yin kyauta ya karɓe ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Mota ta Baban Ikram ce. Da sababbin fitilu suka iso daga Kudu, Zubairu ya aika a gaya masa za a ɗaura. Malam ya aiko cewa a bar waɗannan, sun ishe shi gani. Suna nan cikin kwalinsu a ƙarƙashin gadon Hidaya.

Yanzu shekara biyu ke nan. Motar tana hannun Zubairu, da ita yake zuwa makaranta, kuma duk inda ya tsaya sai an samu mai tambayarsa me ya yagi fitilun nan haka. Ya ce tsautsayi ne. Duk ranar Laraba da yamma kuma sai saƙo ya shigo wayar Hidaya daga Hajiya, kalmominsa ba sa canzawa: Malam yana gaida Baban Ikram, yana roƙon aron motarsa gobe in ba zai takura ba. Zubairu ya wanke ta, ya kai, ya durƙusa ya ajiye makulli a bakin tabarma, Malam ya yi masa godiya mai tsawo kamar wanda aka yi wa babbar alfarma, yana kallon littafinsa.

Rediyona ta sake lalacewa kwanan baya. Na miƙa masa ta kan katanga na ce ango, taimaka. Ya juya ta, ya duba, ya canza mata batir, ya miƙo mini ita yadda take.